Ranar da Ya Faɗi a Gaban Baba

"Ni dai na faɗa miki, ba da yawuna ba. Ko a gaban Babanku zan maimaita."

Mama ce ta faɗi haka, ba tare da ta ɗago daga kular shinkafar da take rufewa ba. Auta na tsaye a ɗaya gefen kicin ɗin, wuƙar shafa kirim a hannunta, kek ɗin da ta gasa da sassafe yana gabanta. Wuƙar ta goce, sai ga wani karkataccen layi a saman kek ɗin.

"Mama, yau ranar farin ciki ce. Don Allah a bar maganar nan zuwa gobe."

"Ni na ɗauko ta? Babanku ne ya ɗauko ta. Mutum ya tashi daga jinya, maimakon ya ji da kansa, sai ya ce wai a kira masa yaron nan wurin shaƙatawa, sai ya gan shi da idonsa."

Auta ta ci gaba da gyara kirim ɗin.

Watanni ke nan gidan ba shi da wata hira sai ta jikin Baba. Tun ranar da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye a bakin banɗaki, rayuwarsu ta koma tsakanin asibiti da ɗakin gashin ƙashi. Anti, matar Yaya, ita ce mai ba dangi labari a guruf ɗin gida: yau Baba ya motsa yatsa, yau Baba ya riƙe cokali da kansa, yau Baba ya yi wa likita faɗa, alamar sauƙi ta samu. A makon nan ne ya taka da sanda daga ɗakinsa har bakin get, ba wanda ya riƙe shi. Shi ya sa aka ce ranar Asabar kowa ya shirya, za a kai shi lambun bakin tafki ya sha iska, a yanka kek, a yi murna.

Kowa na murna, ban da Auta.

Wanda take so malamin lissafi ne a wata firamare, kowa Malam yake ce masa. Tun kafin maganarsu ta yi nisa ya zaunar da ita ya faɗa mata gaskiya: yana da farfaɗiya. Yana shan magani safe da yamma, kuma ya daɗe rabon da ya faɗi. Ta yi kuka a ranar, ta yi tunani, ta ce ta ji ta gani. Sun shirya su faɗa wa iyayenta da bakinsu idan Baba ya miƙe.

Sai aka riga su.

Mai Kyamis, abokin Yaya, wanda ya daɗe yana zagayen Auta tana kauce masa, a shagonsa Malam yake sayen magani. Shi ya kai wa Yaya labari, Yaya ya kai wa Mama. Tun daga ranar Mama ta ɗaure fuska, ta ce ba ta san zancen ba.

"Kuma ki sani," in ji Mama tana ɗaure bakin leda, "Yayanki ya gayyato abokinsa. Saura ki yi masa irin kallon nan naki."

"Mama, mutumin da ya ci amanar mai sayen magani a wurinsa?"

"Mutumin da ya faɗa mana abin da kika ɓoye mana. Ɗauki kek ɗinki ki kai mota."

*

Kafin ta fita sai da ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ta kira Malam. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Ranki ya daɗe, har kun tafi?"

"Yanzu za mu fita. Ka karya?"

"Na sha shayi."

"Shayi kawai? Barci fa?"

Ya yi 'yar dariya. "Takardun jarrabawar yaran nan ne suka sa ni gaba. Wani yaro ya ce min bakwai sau takwas sai abin da Allah ya yi. Ina zan ga barci?"

Ba ta yi dariya ba. Ta san rashin barci ba abokin ciwonsa ba ne, shi da kansa ya faɗa mata.

"Ka sha maganinka?"

Shirun da ya yi bai kai ƙiftawar ido ba, amma ta ji shi.

"Kar ki damu da wannan. Ki faɗa min, farar riga zan sa ko shuɗiya? Tun ɗazu nake guga kamar mai zuwa neman aiki."

"Malam, na tambaye ka."

"Lafiyata ƙalau, Auta. Wallahi ƙalau nake jina. Ki yi min addu'a kawai kar harshena ya sarƙe a gaban Baba."

Daga tsakar gida Yaya ya danna hon, ya sake dannawa. Ta ce shuɗiyar, ta kashe wayar, ta fito.

*

Lambun cike yake da jama'a, kamar kowace Asabar. Suka samu inuwar wata babbar bishiya nesa kaɗan da ruwa, aka shimfiɗa darduma, aka buɗe wa Baba kujerarsa mai naɗewa, Mama ta lulluɓe masa gwiwoyi da ƙaramin bargo. Yaran Yaya suka ruga wurin lilo. Anti kuwa tun kafin a gama sauke kaya ta ɗaga waya.

"Baba, ɗaga hannu ka gaida dangi! Ga Baba nan, jama'a, ya fito shan iska, maƙiya sai haƙuri!"

Baba ya ɗaga hannun dama yana murmushi da gefen bakinsa mai lafiya. Maganarsa a hankali take fita yanzu, kalma bayan kalma.

"Ke dai... ba kya gajiya."

Mai Kyamis ne ya fara isowa, cikin motarsa, da katan ɗin lemo da sabon abin awon hawan jini a kwali. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Mama, ya ɗaura wa Baba abin a dantse nan take ya auna, ya ce ma sha Allah. Mama ta yi ta sa masa albarka har da ƙari. Auta ta mai da kanta ga jera faranti.

Can sai ta hango shuɗiyar riga daga bakin ƙofar lambun. A ƙafa yake tafe, daga inda motar haya ta sauke shi, leda a hannu. Tun daga nesa ta ga idanunsa sun faɗa.

Ya cire takalmi a gefen darduma, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina wuni. Ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara afuwa."

"Amin. Kai ne... Malam ɗin?"

"Ni ne, Baba."

"Matso. Idona... bai warke da ƙafar ba."

Ya matso. Ya juya ya gaida Mama, ta amsa da "lafiya" guda ɗaya, idonta a kan kula. Ya miƙa ledar ayaba da tuffa, Anti ta karɓa ta ajiye a bayan katan ɗin lemo.

Baba ya shiga yi masa tambayoyi. Iyayensa, aikinsa, yara nawa ne a ajinsa, yana dukansu ko ba ya duka. Malam yana amsawa a nutse, kansa a ƙasa. Da ya ba da labarin yaron da ya bar wa Allah bakwai sau takwas, Baba ya yi dariya har sai da ya yi tari, dariyar da rabon da a ji irinta tun kafin ciwo. Auta ta saki ajiyar zuciya. Watakila dai, ta ce a ranta. Watakila.

Sai Yaya ya yi gyaran murya.

"Malam, in za ka zaga lambun, ka dai yi nesa da bakin ruwa. Ka san ba kowa ruwa yake yi wa daɗi ba."

Malam ya ɗago ya dube shi, ya yi murmushin da bai kai ido ba.

"Na gode, Yaya. Zan kiyaye."

Auta ta miƙe zumbur ta ce ta manta wuƙar kek a mota.

*

Tana cikin lalube a but ɗin mota ta ji takun mutum a bayanta. Ko ba ta juya ba ta san turaren.

"Auta, gaisuwa ma ta gagara?"

Ta juyo. Mai Kyamis ne, hannayensa a aljihu.

"Wanda ya ci amana ba ya neman gaisuwa."

"Na san haka za ki ce." Ya sunkuyar da kai. "Ban yi daidai ba, ban musa ba. Amma ki sa kanki a matsayina. Ina ganin wadda nake so za ta faɗa rami, sai in yi shiru?"

"Shi ne ramin? Mutum ne fa, ciwo ne Allah ya ɗora masa. Kai da kake sayar da magani, ai kai ya kamata ka fi kowa sanin haka."

"Saboda na sani ne nake jin tsoro." Ya yi ƙasa da murya. "Bari in faɗa miki wani abu, ki ɗauka yadda kika ga dama. Tun da maganar nan ta fito bai sake taka shagona ba. Ban ga laifinsa ba. Amma irin maganin da yake sha ya yi wuya a gari yanzu, ni ma da kyar nake samowa. Lokacin da ya kamata ya dawo ya sake saya ya wuce. Ki tambaye shi a ina yake samu."

Shirun nan na waya ya dawo mata.

"Ƙarya kake yi."

"Allah ya sa ƙarya nake yi."

Ta ɗauki wuƙar ta bar shi a nan, ko but ɗin ba ta rufe ba. Tana tafe tana harɗewa da gefen mayafinta. So take ta ja Malam gefe, ta ce masa ya tashi ya tafi gida yanzu, ya kwanta, komai ya biyo baya. Amma tana isa Anti ta cafke hannunta.

"Yauwa, ga mai kek! Kowa ya matso! Baba zai yanka da hannunsa. Yara, ku zo nan! Malam, kai ma tashi ka shigo hoto, ai ba a san gaba ba."

Aka kewaye Baba. Aka ɗora kek ɗin a kan kula a gabansa, Auta ta sa masa wuƙar a hannu ta riƙe tare da shi. Ta cikin kafaɗun mutane take leƙen Malam. Yana tsaye a ƙarshen layi, yana tafi tare da yara.

Sai ta ga tafin ya tsaya.

Idonsa ya kafe a wuri ɗaya, kamar mai sauraron kira daga nesa. Yatsunsa suka shiga tsinkar gaban rigarsa. Ya taɓa kwatanta mata wannan, ya ce in ta ga haka to abin ya zo.

"Malam!"

Wata irin ƙara ta fito daga maƙogwaronsa, jikinsa ya sandare, ya tafi gaba ɗaya ya faɗi a gefen darduma.

*

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Wurin ya hargitse. Yaran suka fashe da kuka, Mama ta janye su baya. Mutanen da ke zaune a inuwar kusa suka taso suka yi cirko-cirko. Wata mata tana cewa kar a taɓa shi, wani yana cewa a kawo ruwa a watsa masa.

Auta ba ta san lokacin da ta tsallake kek ɗin ba. Ta zube a gabansa, ta cire mayafinta ta dunƙule ta tura ƙarƙashin kansa da ke bugun ƙasa. Ta ture kwalaben lemon da ke kusa, ta ɓalle masa maɓallin wuya. Jikinsa na fizga, yawu na fita ta gefen bakinsa, fuskarsa ta canja launi.

"Ina nan. Ina nan, Malam. Zai wuce."

Yaya ya iso da cokali a hannu.

"Matsa in sa masa a baki kar ya haɗiye harshensa! Ke, tashi daga nan, yawun nan zai taɓa ki!"

"Kar ka sa masa komai! Yaya, don girman Allah kar ka sa!"

Ya damƙi dantsenta zai fizge ta, ta ƙanƙame ƙasa tana kuka. Sai ga Mai Kyamis ya ratso mutane ya riƙe hannun Yaya.

"Ajiye cokalin nan, za ka karya masa haƙori. Ba a ɗaukar ciwon nan ta yawu. Ƙyale ta, daidai take yi." Ya juya ga jama'a. "Ku ja baya, ku ba shi iska!"

Yaya ya sake ta, ya tsaya sororo da cokalinsa.

Ta ɗago don ta share ido, sai ta ga wayar Anti har yanzu a sama, ta nufo su. Ba da mugunta ba ne, ruɗewa ce ta sa ta manta ta sauke, amma Auta ta ji kamar an watsa mata wuta.

"Anti, kashe! Ki goge shi yanzu! In hoton nan ya shiga guruf, wallahi ni da ke har abada!"

Anti ta yi firgigit, ta sauke wayar.

A hankali fizgar ta ragu, ta ragu, ta tsaya. Ya ja wani dogon numfashi mai gurnani. Auta da Mai Kyamis suka juya shi ya kwanta a gefensa. Ta goge masa baki da gefen hannun rigarta. A nan ne ta lura gaban wandonsa ya jiƙe, kuma ba ita kaɗai ta lura ba.

Ta rasa da me za ta rufe shi. Mayafinta na ƙarƙashin kansa.

Sai ta ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a kan busasshiyar ƙasa. Baba ne. Ya tashi daga kujera shi kaɗai, yana jan ƙafar hagu, bargon a rataye a hannunsa. Mama ta yi kansa za ta riƙe shi, ya girgiza mata kai. Da ya iso ya saki bargon a kan Malam, ya gyara shi da bakin sanda tun daga ƙugu har gwiwa.

"Kawo min... kujerata nan," ya ce wa Yaya. Ya dubi 'yan kallo. "Ku kuma... an gama. Allah ya ba kowa lafiya."

Suka watse ɗaya bayan ɗaya.

*

An jima kafin Malam ya gane inda yake. Ya buɗe ido ya rufe, ya kira sunan wani yaro na ajinsa, ya tambaya ko an tashi daga makaranta. Auta tana ta faɗa masa a hankali: lambu ne, Asabar ce, ka faɗi ne, ya wuce. Da hankalinsa ya gama dawowa ya yunƙura ya zauna, ya ga bargon, ya ɗaga gefensa kaɗan ya mayar. Ya rufe fuska da tafukansa.

Kafaɗunsa kawai ke motsi.

"Me ya sa?" in ji Auta. "Me ya sa ba ka faɗa min maganin ya ƙare ba?"

"Na zaga shaguna, babu." Bai buɗe fuskar ba. "An ce sai wani makon. Na ce zan iya lallaɓawa."

"Da ka koma inda ka saba saya."

"In koma in miƙa hannu ga wanda ya tallata ni?"

Mai Kyamis da ke tsaye a gefe ya kau da kai. Ya taka zuwa motarsa, ya ja ta ya fita daga lambun.

"To ni fa?" Hawaye suka ɓalle mata. "Ni ma na tallata ka ne? Kullum sai na tambaye ka ya jiki, kullum ka ce ƙalau. Da a bakin ruwan kake fa? Da a titi ne? Ka fi son ka mutu da girmanka da ka ce min Auta ina cikin matsala?"

Ya sauke hannayensa. Idanunsa sun yi ja. Bai dube ta ba, Baba ya duba.

"Baba, ka yafe min. Na ɓata muku ranar murna. Mama ta yi gaskiya, Yaya ya yi gaskiya. Gani ya kori ji. Na janye."

"Malam!"

"Na janye, Baba. Ba zan so ta ƙare rayuwarta a durƙushe a ƙasa tana goge min baki a gaban mutane ba."

Baba ya daɗe yana kallonsa, haɓarsa a kan sanda.

"A asibiti," ya ce, "wannan yaron..." ya nuna Yaya, "shi yake ɗaga ni... ya kai ni banɗaki. Uwarsu ta wanke ni... kamar jariri. Na roƙi Allah ya ɗauke ni... don kunya. Bai ɗauke ni ba. Ga ni... ina yanka kek." Ya numfasa. "Laifinka ɗaya. Ka bar magani... ka yi ƙarya. Wannan laifi ne. Faɗuwa ba laifi ba ce."

Malam ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan bargon.

"Janyewa kuma... ba ni ka ce kana so ba. Ga ta nan. Dube ta... ka faɗa mata."

Ya juyo. Ya buɗe baki, ya dubi fuskarta da ta yi kaca-kaca da hawaye, da kirim ɗin kek a gefen zaninta, da kanta ba mayafi. Maganar ta ƙi fita.

Mama ta miƙe tsam ta nufi bakin tafki.

*

A kan wani benci Auta ta same ta, ta juya wa kowa baya. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta. Sai da ta ɗago ta ga Mama kuka take yi, irin kukan da ba sauti.

"Mama, ki yafe min."

"Kin ɗauka ƙinsa nake yi?" Mama ta share ido da bakin mayafi. "Yaron kirki ne, ina da ido. Ke nake ji. Kin san rabon da in yi barci in juya yadda nake so? Ko tari Babanku ya yi sai na farka. In ya shiga banɗaki ina tsaye a bakin ƙofa ina sauraro. Jinya ba soyayya ba ce, Auta. Jinya cin rai ce. Ni na shige ta da furfura, ke kina so ki shige ta tun da lallen aure."

"Mama, da an faɗa miki tun farko Baba zai kwanta haka, da kin fasa aurensa?"

"Kar ki yi min wannan tambayar. Ni ban sani ba na shiga. Ke da idonki a buɗe za ki shiga. Ba ɗaya ba ne."

"To wa ya san abin da zai samu Mai Kyamis gobe? Ko ni? Da ni ce mai ciwon, Mama, da kin so a guje ni?"

Mama ta rufe ido.

"Ɗazu da na gan ki a ƙasa," ta ce a hankali, "hannunki ko rawa bai yi ba. Ni da na haife ki ban san kin iya wannan ba. Shi ya fi ba ni tsoro. Na gane kin riga kin tafi."

"Ban tafi ba. Ba inda za ni sai da albarkarki." Ta kwantar da kai a gwiwar Mama tana shessheƙa. "Amma tsoro nake ji, Mama. Ni ma tsoro nake ji. Yau ne na fara gani da idona. Na ɗauka mutuwa zai yi a hannuna. Kuma duk da haka ban ji zan iya tashi in bar shi ba."

Hannun Mama ya sauka a kanta, ya tsaya a nan. Suka daɗe a haka, ihun yaran wasu na tasowa daga wurin lilo.

"In kuka haihu fa? Yaran za su gada?"

"Ban sani ba sosai. Ya ce likitansa ya ce ba lallai ba ne."

"Ya ce, ya ce. Wanda ya ce miki ƙalau yake alhali bai sha magani ba?" Mama ta ja tsaki mai rauni. "In kina da ciki wata tara ya faɗi, wa zai ɗaga shi? In yana riƙe da jariri fa? Kin tambaya?"

Auta ta girgiza kai.

"Ba ki tambaya ba. So ya rufe miki baki."

Da suka dawo an riga an naɗe darduma. Kek ɗin ya fashe ta gefe guda, Anti ta mayar da shi kwali a haka. Mai Kyamis ya dawo, ashe shagonsa ya je. Ya miƙa wa Yaya wata ƙaramar farar leda, ya ce a ba Malam, ya sha da zarar ya isa gida. Da zai wuce ta gaban Auta ya ɗan tsaya.

"Kin ga abin da nake guje miki," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ni dai ina nan. Ban fasa ba."

Ta wuce shi ta nufi motar Yaya.

Baba ya ce Malam ba zai hau motar haya a haka ba, a sa shi a gaba, shi zai zauna a baya. Yaya ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskar Baba, ya rufe. Anti da yara suka bi motar Mai Kyamis.

Yaya ya ja motar suka kama hanya. Malam ya jingina kai da gilashi, bargon a cinyarsa. Auta na tsakanin iyayenta. Ba wanda ya ce an ba shi, ba wanda ya ce an hana shi.

Sai da suka tsaya a ƙofar gidan da yake haya, ya kama murfin mota zai fita, sannan Mama ta yi magana, idonta a waje.

"Kai, Malam."

Ya tsaya cak. "Na'am, Mama."

"Likitan nan naka, wace rana yake ganin mutane?"

"Litinin da Alhamis, Mama."

"To ranar Litinin ka jira ni a bakin asibitin. Ina da tambayoyi, kuma ba daga bakinka nake son amsa ba, ba daga bakinta ba." Ta juyo ta dube shi a karon farko tun zuwansa lambun. "Abin da na ji a can, shi zan yi aiki da shi. Ko ya yi muku daɗi, ko kar ya yi."

Malam ya dubi Auta. Auta ta dubi Baba. Baba ya lumshe ido kamar mai barci.

"Allah ya kai mu, Mama," in ji Malam, muryarsa a dishe.

"Amin. Shiga ka kwanta. Yaya, raka shi har ɗaki, kar ka fito sai ka ga ya haɗiye maganin nan."